Lokacin da Ingilishi Yake Harshen Talakawa a Ingila



A garuruwanmu, yaro in ya iya Ingilishi an gama magana, ya yi ilimi, ko da bai san komai ba bayan Ingilishin. Wanda bai iya ba kuwa, ko ya sauke littattafai sun fi a ƙirga, akwai masu yi masa kallon wanda bai taɓa taka ƙofar makaranta ba. Abin ya zauna a zukata har wasu na jin kamar da rawaninsa aka haifi wannan harshe, wai daman can na ilimi ne da mulki. To yau sharhinmu zai je Ingila kanta, ya tsaya a kan wani zamani na shekara 300 da ɗoriya, lokacin da sarakunan ƙasar ba da Ingilishi suka tashi ba, manyan kotuna ba da shi suke shari'a ba, mai son a kira shi malami kuma yana kauce wa rubutu da shi. A wancan zamani harshen manomi ne, da makiyayi, da mai wanke tukwane.

Tun farko ma Ingilishi ba ɗan asalin tsibirin Birtaniya ba ne. Rumawa sun riƙe kudancin tsibirin daga shekara ta 43 miladiyya har wajen 410, kuma mutanen da suka tarar suna magana ne da harshen da ya haifi Welsh na yau, wato harshen mutanen Wales. Sai bayan Rumawa sun janye wasu ƙabilu suka ƙetaro teku daga arewacin Jamus da Denmak, su Angil da Sakson da Jut, suka zauna, suka yi ƙarfi. Daga sunan Angil ɗin nan aka sami Ingila da Ingilishi.

Harshen bai tsaya a baki kawai ba. Sarki Alfred na Wessex, wanda ya yi mulki daga 871 zuwa 899, ya sha gwagwarmaya da mayaƙan teku 'yan Denmak, waɗanda ake kira Vikin, har ya ci su da yaƙi a Edington a 878. Da ƙura ta lafa sai ya duba ya ga limaman coci masu fahimtar Latin sun yi ƙaranci ƙwarai. Maimakon ya tsaya kuka, sai ya sa a juya muhimman littattafai zuwa harshen da kowa ke ji, shi kansa yana cikin masu fassarar. A zamaninsa aka fara rubuta tarihin ƙasar shekara bayan shekara da Ingilishi. Kafin shekara ta 1000, dokokin sarki, da wasiyyar masu dukiya, da iyakokin gonaki, da wa'azi, duk ana rubuta su da harshen gida, abin da ba kasafai ake samu ba a Turai ta wancan lokaci, inda Latin ya kankane alƙalami. Ke nan faɗuwar da ta zo, daga sama aka faɗo.

Ranar 5 ga Janairu 1066 Sarki Edward ya rasu bai bar ɗa ba. Manyan ƙasa suka naɗa surukinsa Harold Godwinson. Mutum biyu a ƙetare suka ce ba su yarda ba, kowa na cewa gadonsa ne: Harald Hardrada, sarkin Nowe, da Wiliyam, mai mulkin Normandi a arewacin Faransa. Na Nowe ya riga saukowa, can arewa. Harold ya kwashi dakarunsa ya yi tafiyar kusan kilomita 300 cikin 'yan kwanaki, ya afka masa a Stamford Bridge ranar 25 ga Satumba, ya kashe shi. Ko gumi bai gama sharewa ba labari ya zo cewa Wiliyam ya sauka a gaɓar kudu, a Pevensey, ranar 28 ga watan. Harold ya juyo da mayaƙa a gajiye, aka gwabza kusa da Hastings ranar 14 ga Oktoba, tun hantsi har faɗuwar rana. Aka kashe Harold, wasu sun ce kibiya ce ta same shi a ido, aka kashe ƙannensa biyu da manyan ƙasar da dama.

Su waɗannan Normanawa, in an bi salsala, jikokin Vikin ne. A 911 sarkin Faransa ya yanka wa shugabansu Rollo ƙasa don ya daina kai masa hari, kuma cikin 'yan zuri'o'i suka watsar da harshen kakanninsu suka rungumi Faransanci. Wato masu aron harshe ne suka zo suka ɗora wa wasu.

Abin da ya faru ranar naɗin Wiliyam ya isa ya nuna halin da aka shiga. Ranar Kirsimeti ce ta 1066, a majami'ar Westminster. Bisa al'ada sai an tambayi jama'a ko sun yarda da sabon sarki. Aka yi tambayar sau biyu, babban limamin York da Ingilishi, wani bishop ɗan Normandi da Faransanci. Jama'a suka amsa da ƙarfi, kowa da harshensa. Dakarun Wiliyam da ke gadi a waje suka ji hayaniya, ba su san me ake cewa ba, suka zaci tawaye ne, sai suka cinna wa gidajen da ke kewaye wuta. Mutane suka ruga waje, wasu don kashe gobara, wasu don wawaso, aka ƙarasa naɗin sarki majami'a kusan wayam. Mai ba da wannan labari, Orderic Vitalis, shi ne kuma ya ce Wiliyam ya yi yunƙurin koyon Ingilishi don ya riƙa jin ƙarar talakawa ba tare da tafinta ba, amma girma da yawan hidima suka hana shi.

Abin da ya biyo baya ba sauyin sarki kaɗai ba ne, an kwashe masu sarautar ƙasa ne kaf aka zuba wasu. Da mutanen arewa suka yi bore, Wiliyam ya bi yankin a hunturun 1069 zuwa 1070 yana ƙone amfanin gona da kashe dabbobi, yunwa ta ƙarasa waɗanda takobi ya bari. Aka gina gidajen yaƙi masu ganuwa ko'ina, har da Hasumiyar Landan da masu yawon buɗe ido ke tururuwar gani yanzu. A 1070 aka tuɓe babban limamin Canterbury aka naɗa Lanfranc, mutumin Italiya da ya yi zaman Normandi. Lokacin da Wiliyam ya mutu a 1087, bishop ɗaya tak ya rage ɗan ƙasa, Wulfstan na Worcester. A 1086 sarki ya sa aka yi ƙidayar dukiyar ƙasa, gona da gona, garma da garma, har aladu da injinan niƙa, a wurare fiye da 13,000. Kundin, wanda ake kira Domesday, yana nan har yau a ma'ajiyar tarihi ta ƙasar, kuma ya nuna manyan masu ƙasa 'yan asalin Ingila da suka rage ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Da Latin aka rubuta shi.

Daga nan harsuna uku suka raba aiki. Latin na coci ne da karatu da takardun gwamnati. Faransanci na fada ne, da gidajen masu sarauta, daga baya kuma ya zama na lauyoyi da alƙalai. Ingilishi aka bar wa gona da kasuwa da madafa. Tarihin nan da aka fara rubutawa tun zamanin Alfred ya riƙa mutuwa gari bayan gari, har ya rage wuri ɗaya, Peterborough, inda aka ajiye alƙalami a 1154. Sarki Richard, wanda Turawa ke yi wa kirari da mai zuciyar zaki, wanda masu karatun tarihin Musulunci suka sani saboda karawarsa da Salahuddin, ya yi shekara 10 yana sarautar Ingila daga 1189 zuwa 1199, amma zaman da ya yi a ƙasar duka bai fi wata shida ba. Ita kanta yarjejeniyar Magna Carta ta 1215, wadda Ingilishawa ke alfahari da ita a matsayin tushen 'yancinsu, ba da Ingilishi aka rubuta ta ba, Latin ce.

To me ya hana harshen mutuwa? A ganina amsar ba ta da wani asiri: yawa ne, da kuma iyaye mata. Baƙin da suka zo 'yan dubbai ne a cikin al'ummar da ta kusa miliyan 2. Da yawansu maza ne, suka auri matan ƙasa, 'ya'yansu suka tashi a hannun iyaye mata da masu raino da barorin gida waɗanda Ingilishi suke yi. Shi Orderic ɗin da na ambata misali ne. An haife shi a 1075 kusa da Shrewsbury, uba Bafaranshe, uwa Baturiyar Ingila, kuma da aka kai shi Normandi karatu yana ɗan shekara 10, ya ce harshen da ya tarar can bai san shi ba. Shekara ɗari da 'yan kai bayan yaƙin Hastings, wani babban ma'aikacin baitulmali ya rubuta cewa auratayya ta cakuɗa mutane har da wuya a gane Banormane da Ba'ingilishe a cikin 'ya'ya. A tsakiyar ƙarni na 13 kuwa har an fara rubuta littattafan koya wa 'ya'yan masu sarauta Faransanci, ana sa musu ma'ana da Ingilishi a gefe. Harshen da sai an ɗauko wa yaro malami kafin ya iya shi, ya riga ya tashi daga harshen gida, ya koma na ado da neman matsayi.

Siyasa ma ta taimaka. A 1204 Sarki John ya rasa Normandi, sarkin Faransa Philip ya ƙwace ta. Masu sarauta da ke da filaye a ɓangarorin teku biyu dole kowa ya zaɓi inda zai tsaya. Waɗanda suka zaɓi Ingila suka fara ganin kansu a matsayin mutanen Ingila, ga shi kuma Faransancin da suke yi ya fara bambanta da na Paris, har ana yi musu dariya a can. A 1258 Sarki Henry na Uku ya fitar da wata sanarwa ga jama'a wadda aka yi ta har da Ingilishi, abin da aka daɗe ba a gani ba daga fada. A 1295 kuma Edward na Ɗaya, yana neman kuɗin yaƙi, ya aika takardar kiran majalisa yana zargin sarkin Faransa da niyyar shafe harshen Ingilishi daga doron ƙasa. Takardar da Latin aka rubuta ta, shi kuma sarkin Faransanci yake yi a gidansa. 'Yan siyasa ba yau suka fara tuna harshen talaka ranar da suke buƙatar aljihunsa ba.

Abin da ya fi komai juya lamarin, abu biyu ne marasa daɗi, yaƙi da annoba. A 1337 aka shiga yaƙin da ake kira na Shekara Ɗari tsakanin Ingila da Faransa, wanda bai ƙare ba sai 1453. Faransanci ya zama harshen abokin gaba. Sannan a bazarar 1348 annobar da ta ratsa Turai ta sauka a gaɓar Dorset, cikin shekara biyu ta kwashe tsakanin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin mutanen ƙasar. Limaman coci, masu zuwa kan marasa lafiya, sun mutu da yawa, dole aka cike gurabensu da waɗanda ba su da Latin ko Faransancin kirki. Ma'aikatan gona suka yi ƙaranci, wanda ya tsira ya ga ƙwadagonsa ya yi tsada. Gwamnati ta kafa doka a 1351 don danne lada a kan farashin da, amma ba a tare ruwa da hannu. Talaka ya sami baki, kuma a 1381 manoma suka yi bore ƙarƙashin Wat Tyler suka shiga Landan, har sai da Sarki Richard na Biyu, yana ɗan shekara 14, ya fito ya fuskance su.

A 1362 majalisa ta zartar da doka cewa daga yanzu a riƙa gabatar da ƙara da jayayya a kotu da Ingilishi. Dalilin da dokar ta bayar shi ne mutane ba sa jin Faransanci, ana shari'arsu ba su san abin da lauyansu ko na abokin gaba ke faɗa ba. Duk wanda ya taɓa zama a kotu ya ga tsoho yana rarraba ido yana jiran tafinta ya gaya masa makomar gonarsa, ya san wannan ciwo. Sai dai ita dokar da Faransanci aka rubuta ta, kuma ta ce a ci gaba da ajiye bayanan shari'a da Latin. Lauyoyi ma ba su saki Faransancinsu ba, don harshen da talaka ba ya ji shi ne jarinsu.

Makarantu sun fi kotuna saurin juyawa. Wani malami, John Trevisa, ya rubuta a wajen 1385 cewa kafin annoba yara da Faransanci suke fassara darasin Latin, amma yanzu a makarantun nahawu an koma Ingilishi. Ya ce ribar ita ce yara na saurin gane karatu, hasarar kuma ba su san Faransanci ba in tafiya ta kama su. Muhawarar da muke yi yau kan harshen da za a fara koyar da yaro da shi, su ma sun yi ta, kusan kalma da kalma.

A wannan zamani ne Geoffrey Chaucer ya bayyana. Ɗan mai sayar da ruwan inabi ne a Landan, ya yi aikin fada, ya je Faransa da Italiya aike, ya kuma riƙe aikin kwastan na ulu da fatu a tashar jiragen ruwan Landan daga 1374 zuwa 1386. Ya iya Faransanci da Latin da Italiyanci, amma da ya tashi rubuta labaran matafiya zuwa Canterbury, da Ingilishin Landan ya rubuta. Abokinsa John Gower bai yarda ya zuba ƙwansa duka a kwando ɗaya ba: manyan littattafansa uku, ɗaya da Faransanci, ɗaya da Latin, ɗaya da Ingilishi, don ba wanda ya san wanne zai rayu. Chaucer ya rasu a 1400. Shekara guda kafin nan, a 1399, Henry na Huɗu ya tsaya gaban majalisa ya nemi gadon sarauta da Ingilishi, kuma shi ake ɗauka sarki na farko tun bayan Harold da ya sha wannan harshe a nono. Ɗansa Henry na Biyar, daga 1417, yana fagen yaƙi a Faransa, ya koma aiko da wasiƙunsa gida da Ingilishi. A 1422 ƙungiyar masu dafa giya ta Landan ta yanke shawarar rubuta bayananta da Ingilishi, ta ce sarki ma haka yake yi, kuma yawancin 'ya'yanta ba sa gane Latin da Faransanci.

Amma harshen da ya dawo fada ba shi ne wanda aka kora ba. Bature na yau in ka ba shi rubutun zamanin Alfred, sai dai ya kalla, kamar baƙon harshe. Tsohon Ingilishi yana raba sunaye zuwa jinsi uku, kuma abin sha'awa, rana mace ce a wurinsu, wata namiji, daidai da Hausa. Yana kuma sauya ƙarshen kalma gwargwadon aikinta a jimla. Wannan duk ya zube. Zubewar ta fara tun cuɗanyarsu da Vikin a arewa da gabas, amma ta yi sauri a shekarun da babu fada ko makaranta da ke tsare ƙa'idar rubutu. Akawunan da suka saba da Faransanci su ma suka sake fasalin rubutun, suka kawo nasu haruffa, tsofaffin haruffa na gida suka ɓace sannu a hankali.

Kalmomi kuwa sai ambaliya. Masana sun ƙiyasta cewa kalmomin Faransanci kimanin 10,000 suka shiga Ingilishi a wannan zamani, kuma mafi yawansu suna nan ana amfani da su. In ka duba inda suka taru, za ka ga wanda ke riƙe da sanda: mulki, shari'a, yaƙi, coci, tufafi, girki. Nan ne labarin ya taɓo mu kai tsaye. Kotu, da joji, da gwamna, da soja, da saja, da fursuna, waɗanda muka karɓa daga bakin Turawan mulkin mallaka, su ma Ingilishawan aro suka yi daga Faransancin waɗanda suka mallake su. 'Yan'uwanmu na Nijar, da suka karɓi lakwal da jandarma kai tsaye daga Faransawa, gajeriyar hanya suka bi zuwa rijiya ɗaya. Akwai kuma misalin da malaman Turanci ke son bayarwa, cewa dabba tana da sunan Ingilishi in tana garke, amma namanta in ya hau tebur sunan Faransanci yake ɗauka, wato cow da beef, sheep da mutton. Sukan ce talaka ke kiwo, mai sarauta ke ci. Marubuci Walter Scott ne ya yaɗa wannan bayani a ƙarni na 19. Akwai gaskiya a ciki, amma ya fi tarihin tsafta, don an daɗe ana cakuɗa kalmomin kafin kowace ta tsaya a inda take yau.

Saura matsala guda: wane Ingilishi? Shekaru aru-aru ba tare da daidaitacciyar ƙa'ida ba sun bar kowane yanki da karinsa. William Caxton, ɗan kasuwar da ya koyo aikin ɗab'i a Turai ya kafa injin buga littattafai a Westminster a 1476, ya ba da labarin wasu fatake da iska ta tsayar da jirginsu a bakin kogin Thames. Ɗaya ya shiga wani gida ya nemi ƙwai da kalmar mutanen arewa, matar gidan ta ce ita ba ta jin Faransanci. Mutumin ya fusata, don shi ma ba ya ji. Sai da wani ya faɗi kalmar mutanen kudu sannan ta gane. Caxton ya yi ta tunanin wacce zai buga. A ƙarshe karin Landan ya yi rinjaye, don nan fada take, nan akawunan gwamnati suke, nan kasuwa da injin ɗab'i suke. Sai dai an daskarar da rubutun a daidai lokacin da lafazin wasula ke sauyawa a bakin mutane, kuma haruffan da ake furtawa a da suka yi shiru aka bar su a takarda. Yaron da ke shan bulala yau saboda ya manta harafin da ba a furtawa, bashin wancan zamani yake biya.

Kada kuma a zaci daga nan Ingilishi ya zama harshen ilimi. Raini ya daɗe. A 1409 hukumar coci ta hana fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Ingilishi ba da izini ba, kuma William Tyndale, wanda ya buga fassarar Sabon Alkawari a Jamus a 1526, an kashe shi a 1536 kusa da Brussels bisa tuhumar bidi'a. A 1582 wani shugaban makaranta a Landan, Richard Mulcaster, mai kishin harshen, ya yarda cewa Ingilishi bai wuce tsibirinsu ba, ko a tsibirin ma bai game ko'ina ba. Isaac Newton da Latin ya fitar da babban littafinsa na lissafi da kimiyya a 1687, don malaman Turai su iya karantawa. Kotuna kuwa sai da majalisa ta sake yin doka a 1731, wadda ta fara aiki a 1733, sannan aka raba su da Latin da Faransancin lauyoyi, shekara kusan 370 bayan dokar farko. Har gobe ma, in majalisar Birtaniya ta zartar da doka, da tsohon Faransancin Normandi akawu ke shelanta amincewar sarki, kuma taken da ke jikin tambarin masarauta, wanda ke kan fasfonsu, Faransanci ne. Abin da ya kai harshen Amurka da Indiya da Lokoja, jiragen ruwa ne da ciniki da bindiga, ba wani daɗi ko sauƙi da ya fi na sauran harsuna ba.

Wani zai yi tsammanin harshen da ya ɗanɗana wulaƙanci zai tausaya wa na ƙasa da shi. Ko kusa. A 1366, shekara huɗu kacal bayan dokar kotuna, aka kafa dokokin Kilkenny a Ireland, aka umarci Ingilishawan da ke zaune can su riƙa magana da Ingilishi, su sa sunayen Ingilishi, su bar harshen mutanen ƙasar, in ba haka ba a ƙwace filayensu. Su ma waɗannan dokoki da Faransanci aka rubuta su. A 1536, zamanin Henry na Takwas, wanda zuri'arsa ta Tudor daga Wales ta fito, aka yi dokar haɗe Wales da Ingila, aka ce shari'a sai da Ingilishi, kuma mai magana da Welsh ba zai riƙe muƙami ba sai in Ingilishi zai yi aiki da shi. Welsh ɗin nan, ku tuna, shi ne magajin harshen da Angil da Sakson suka tarar a tsibirin. A ƙarni na 19, a wasu makarantun Wales, yaron da aka ji yana Welsh sai a rataya masa ɗan katako a wuya, shi kuma ya kasa kunne ya kama wani ya miƙa masa, wanda katakon ya kwana a wuyansa a tashi makaranta shi ke shan hukunci. Masu sauraro da dama da suka yi makarantar boko a nan za su ce ai sun san wannan wasa, don an yi musu irinsa saboda sun yi Hausa a aji.

Mutanen Wales ba su haƙura ba. A 1942 aka fara sassauta musu yin Welsh a kotu, dokokin 1967 da 1993 suka faɗaɗa haƙƙin, a 2011 kuma harshen ya sami matsayin hukuma a Wales. Yau allunan hanya da takardun gwamnati a can da harsuna biyu ake yin su, akwai tashar talabijin ta Welsh tun 1982, akwai makarantun da ke koyar da lissafi da kimiyya da shi. Duk da haka ƙidayar 2021 ta nuna masu jin Welsh a Wales kimanin 538,000 ne, ƙasa da kashi 18 cikin 100, kuma adadin ya ragu in aka kwatanta da ƙidayar 2011. Gwamnatin yankin ta sa wa kanta burin kai su miliyan 1 nan da 2050.